Yadda Ake Ƙara Sabon Kiran Kenel a Cikin xv6, Mataki-Mataki

Manhajar da ke gudana a kwamfuta, komai girmanta, ba ta da izinin taɓa faifai ko allo ko memorin wata manhaja da hannunta. Idan tana son buɗe fayil, ko haifar wani furoses, wato wata manhaja da ke cikin gudana, ko ma rubuta harafi ɗaya tak a kan allo, sai ta roƙi kenel, wato zuciyar babbar manhaja, ya yi mata. Wannan roƙo shi ne masu sana'ar ke kira sistem-kol, mu kuwa a wannan jagora za mu riƙa ce masa kiran kenel. A ganina babu abin da ya fi saurin kai ɗalibi ga fahimtar babbar manhaja kamar ya ƙara kira guda da kansa, domin a nan ne zai ga iyakar da ke tsakanin manhaja da kenel ido da ido, ya kuma gane dalilin da ya sa kenel ba ya yarda da duk abin da aka miƙo masa daga ƙetaren iyakar sai ya bincika.

Za mu yi aikin a kan xv6, ƙaramar babbar manhaja da aka rubuta a jami'ar MIT ta Amurka a shekarar 2006 domin koyarwa, wadda Russ Cox da Frans Kaashoek da Robert Morris suka yi fice wajen gina ta. Sun ɗora ta a kan tsarin bugu na shida na Unix, wanda ya fito daga Bell Labs a 1975 yana aiki a kan kwamfutar PDP-11. Da farko an yi xv6 ne domin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin x86, amma daga 2019 aka mayar da ita kan wani nau'in furosesa mai suna RISC-V, kuma wannan sigar za mu bi. Kiraye-kirayenta 21 ne kacal, alhali na Linux sun haura 300, saboda haka mutum na iya karance su duka a zama ɗaya. Mu za mu ƙara biyu: na farko mai sauƙi wanda ba ya karɓar komai, na biyu kuma mai karɓar adireshi daga manhaja, inda ainihin darasin yake.

Shirya kayan aiki

Ba ka buƙatar kwamfuta mai RISC-V, domin manhajar QEMU za ta kwaikwayo maka ita. A kan Debian ko Ubuntu, ko kuma Ubuntu da ke cikin WSL ga mai amfani da Windows, waɗannan umarni sun wadatar:

```
sudo apt-get install git build-essential gdb-multiarch qemu-system-misc gcc-riscv64-linux-gnu binutils-riscv64-linux-gnu
git clone https://github.com/mit-pdos/xv6-riscv.git
cd xv6-riscv
make qemu
```

Idan komai ya tafi daidai za ka ga `xv6 kernel is booting`, sai `init: starting sh`, sannan alamar `$` tana jiran umarninka. Fita daga QEMU kuwa sai ka danna Ctrl da a tare, ka saki, sannan ka danna x. Kada ka taɓa ko layi ɗaya sai ka ga wannan alamar, domin in ka fara gyara alhali kayan aikin ma ba su zauna ba, ba za ka iya bambance kuskurenka da na kayan ba. Ka kuma buɗe sabon reshe da `git checkout -b kira` don `git diff` ya riƙa nuna maka duk abin da ka sauya.

Hanyar da kira ke bi

Kafin rubutu, ya kamata ka bi sawun kira guda daga farko zuwa ƙarshe, domin duk fayil ɗin da za mu taɓa zango ne a kan wannan hanya. Ɗauki `getpid`. A cikin `user/user.h` akwai sanarwar cewa fankishan ne mai mayar da lamba, amma ko ka duba duk fayilolin C na foldar `user` ba za ka sami jikinsa ba. Jikin nasa yana cikin `user/usys.S`, kuma layi uku ne na harshen asambuli:

```
getpid:
 li a7, SYS_getpid
 ecall
 ret
```

Layin farko bayan sunan yana zuba lambar kiran, wato 11, a cikin rajistar `a7`, ɗaya daga cikin ƙananan ma'ajiyai da ke cikin furosesa. Layi na biyu shi ne tsallaken. Umarnin `ecall` yana fitar da furosesa daga yanayin mai amfani zuwa yanayin mai kula, ya adana adireshin da aka tsaya a rajistar `sepc`, ya rubuta 8 a `scause` a matsayin dalilin tsayawar, sannan ya tafi adireshin da kenel ya riga ya ajiye a `stvec`. Abin lura shi ne manhaja ba ta da ta cewa game da inda za a sauka, iyakarta faɗin lambar abin da take so. Haka kuma `ecall` ba ya sauya jadawalin shafuka, wato taswirar da ke fassara adireshi zuwa ainihin wuri a memori, ba ya sauya sitak, wato memorin da fankishan ke ajiye kayan aikinsa na ɗan lokaci, ba ya adana sauran rajistoci. Duk wannan an bar wa kenel.

Wurin saukar shi ne `uservec` a cikin `kernel/trampoline.S`. Shafin memorin da yake ciki an sanya shi a adireshi ɗaya, can ƙololuwar sararin adireshi, a jadawalin kenel da na kowane furoses, don kada ƙasa ta zame masa a lokacin da yake sauya jadawali. Shi ne ke kwashe rajistocin manhaja ya zuba a wani shafi na musamman mai suna `trapframe`, ya ɗauko sitak ɗin kenel da jadawalin kenel, ya miƙa ragama ga `usertrap` a `kernel/trap.c`. Shi kuma `usertrap` da ya ga `scause` 8 ne, sai ya ƙara 4 a kan adireshin dawowa, saboda tsawon `ecall` bayit 4 ne kuma in ba a tsallake shi ba za a yi ta maimaita kiran ba iyaka, sannan ya kira `syscall` a `kernel/syscall.c`. Nan ake ciro `a7` daga `trapframe`, a tabbatar lambar tana cikin jadawalin `syscalls`, a kira fankishan ɗin da ke gurbin, a zuba sakamakonsa a `a0` na `trapframe`. Da aka dawo da rajistoci aka zartar da `sret`, manhaja za ta tarar da amsarta a `a0`, daidai inda C ke neman sakamakon kowane fankishan, kamar ba a je ko'ina ba.

Kira na farko: getppid

xv6 tana da `getpid` amma ba ta da `getppid`, wanda ke faɗa wa furoses lambar mahaifinsa, wato furoses ɗin da ya haife shi. Mu fara da ba shi lamba. A ƙarshen `kernel/syscall.h` za ka ga `SYS_close` yana riƙe da 21, sai ka ƙara:

```
#define SYS_getppid 22
```

Kada ka sauya lambar tsohon kira ko ka cusa sabo a tsakiya. Lambar alkawari ce tsakanin kenel da duk manhajar da aka riga aka harhaɗa, shi ya sa Linux ma ba ta sauya lambar da ta riga ta bayar.

Daga nan sai `kernel/syscall.c`, inda za ka yi ƙari biyu. A cikin jerin sanarwar `extern` ka sa layin farko, a cikin jadawalin `syscalls` kuma ka sa na biyu:

```
extern uint64 sys_getppid(void);

[SYS_getppid] sys_getppid,
```

Yanzu sai jikin kiran, a `kernel/sysproc.c`. Wanda ya buɗe `kernel/proc.h` ya ga `struct proc` yana da `parent`, zai so ya rubuta `return myproc()->parent->pid;` ya wuce abinsa. Wannan layi zai yi aiki a gwajin farko da na goma, amma yana ɗauke da aibi biyu. Na farko, `init`, furoses mai lamba 1, ba shi da mahaifi, `parent` ɗinsa sifili ne, don haka ranar da ya yi wannan kira kenel zai bi manuni marar komai, wato adireshin da ba ya nuna kowa, ya tsaya cak. Na biyu ya fi ɓuya. QEMU na tayar da xv6 da ƙwayoyin furosesa 3 masu aiki lokaci guda, saboda haka a daidai lokacin da kake karanta `parent` a wannan ƙwaya, mahaifin na iya kasancewa yana mutuwa a waccan, a mayar da 'ya'yansa hannun `init`, a share gurbinsa a ba wani. Bayanin da ke saman `parent` a `proc.h` ya faɗa ƙarara cewa sai an riƙe makullin `wait_lock` kafin a yi amfani da shi, domin makulli ne ke hana ƙwayoyi biyu taɓa abu ɗaya lokaci guda. Ga yadda ya dace:

```
extern struct spinlock wait_lock;

uint64
sys_getppid(void)
{
  struct proc *p = myproc();
  int ppid = 0;

  acquire(&wait_lock);
  if(p->parent)
    ppid = p->parent->pid;
  release(&wait_lock);
  return ppid;
}
```

Dalilin da ya sa wannan makulli ɗaya ya isa shi ne, mayar da 'ya'ya hannun `init` da kuma share gurbin mamacin furoses a lokacin `wait`, kiran da mahaifi ke jiran mutuwar ɗansa da shi, duk ana yin su ne da `wait_lock` a hannu, don haka muddin kana riƙe da shi mahaifin ba zai ɓace maka ba.

An gama da ɓangaren kenel, saura na manhaja. A `user/user.h` ka ƙara `int getppid(void);`, a ƙarshen `user/usys.pl` kuma ka ƙara `entry("getppid");`. Kada ka gyara `usys.S` da hannu, domin wannan rubutun na Perl ne ke samar da shi, kuma `make clean` zai share duk abin da ka sa a ciki. Sai manhajar gwaji, `user/gwaji.c`:

```
#include "kernel/types.h"
#include "user/user.h"

int
main(void)
{
  printf("ni %d, mahaifina %d\n", getpid(), getppid());
  if(fork() == 0){
    int t = uptime();
    while(uptime() - t < 5)
      ;
    printf("maraya: mai rikona %d\n", getppid());
  }
  exit(0);
}
```

A cikin `Makefile` ka nemi jerin `UPROGS` ka ƙara `$U/_gwaji\` a tsakiyarsa, tare da wannan karkatacciyar sandar ta ƙarshe. Sunan manhaja kada ya wuce haruffa 14, domin iyakar sunan fayil ke nan a tsarin fayilolin xv6. Da ka yi `make qemu` ka rubuta `gwaji`, layin farko zai nuna mahaifi 2, wato shel, manhajar da ke karɓar umarninka a alamar `$`. Daga nan alamar `$` za ta dawo tun kafin layi na biyu ya fito, saboda shel `gwaji` kawai yake jira, ba ɗan da `gwaji` ya haifa da `fork` ba. Bayan kamar rabin daƙiƙa sai marayan ya yi magana, ya ce mai riƙonsa 1 ne. Ka ga `init` ya ɗauki riƙonsa ke nan, kuma wannan shi ne ainihin sauyin da muka riƙe makulli dominsa.

Da yake wuraren gyaran suna da yawa, kusan kowa na mance ɗaya, amma kowace mantuwa da irin kukanta. In kwamfaila ya ce `implicit declaration of function`, `user.h` ka mance. In linka ya ce `undefined reference`, `usys.pl` ne. In an harhaɗa lafiya amma shel ya ce `exec gwaji failed`, ba ka sa manhajar a `UPROGS` ba. In kuwa kenel ya buga `unknown sys call 22` kuma kiran ya dawo da -1, to lambar ta ƙetare iyaka lafiya amma ba ta tarar da kowa a jadawalin `syscalls` ba.

Kira na biyu: bayani

Yanzu muna son manhaja ta ba da lambar furoses, kenel ya cika mata bayaninsa: suna, girman memori, da adadin kiraye-kirayen da ya yi tun haihuwarsa. Wannan ya fi ƙarfin rajista ɗaya, saboda haka manhajar za ta tanadi wuri a memorinta ta miƙa adireshinsa. Ƙirƙiri `kernel/bayani.h`, wanda ɓangarorin biyu za su yi tarayya a kansa:

```
struct bayani {
  int pid;
  char suna[16];
  uint64 girma;
  uint64 kira;
};
```

Lambarsa 23, kuma rajistarsa a `syscall.h` da `syscall.c` da `usys.pl` daidai take da ta farko, da sunan `SYS_bayani` da `sys_bayani` da `entry("bayani");`. A `user.h` ka sa `struct bayani;` a sama, kusa da `struct stat;`, sannan `int bayani(int, struct bayani*);` a cikin jerin.

Ƙidayar kira tana buƙatar gurbi, don haka ka ƙara `uint64 kira;` a cikin `struct proc`, sannan a fankishan ɗin `syscall` ka sa `p->kira++;` gab da layin da ke kiran `syscalls[num]()`. Akwai wuri na uku da ni kaina na taɓa mancewa, kuma ya ci mini yamma guda. Na gudanar da manhajar gwaji sau ɗaya lambar ta yi kyau, na sake sai ta ƙaru, na sake ta ƙara hawa, alhali kowane karo sabon furoses ne da sabuwar lamba. Na yi ta zargin wurin da na sa ƙarin, ashe matsalar tana wani waje. xv6 tana da gurabe 64 na furoses a jeri guda, kuma `allocproc` yana ɗaukar gurbin farko da ya tarar babu kowa. `init` na zaune a na farko, shel a na biyu, saboda haka kusan duk umarnin da ka buga a na uku yake sauka, ya gaji abin da na gabansa ya bari. Maganin layi ɗaya ne a cikin `freeproc` na `kernel/proc.c`, kusa da inda ake share `pid` da `parent`:

```
p->kira = 0;
```

Duk sanda ka ƙara wani abu a `struct proc`, ka tambayi kanka wa zai share shi, sannan ko ya kamata ɗa ya gaje shi a lokacin `fork`. A nan ba ma son gado, ɗa daga sifili zai fara.

Neman furoses ya fi dacewa a yi shi a `kernel/proc.c`, inda jerin yake. Ka sa `#include "bayani.h"` a saman fayil ɗin, bayan sauran layukan `#include`, ka rubuta:

```
int
cikabayani(int pid, struct bayani *b)
{
  struct proc *p;

  for(p = proc; p < &proc[NPROC]; p++){
    acquire(&p->lock);
    if(p->state != UNUSED && p->pid == pid){
      b->pid = p->pid;
      safestrcpy(b->suna, p->name, sizeof(b->suna));
      b->girma = p->sz;
      b->kira = p->kira;
      release(&p->lock);
      return 0;
    }
    release(&p->lock);
  }
  return -1;
}
```

Lura cewa `release` ya zo sau biyu, domin kowace ƙofar fita sai an saki makulli. Wanda ya mance na cikin sharaɗin zai ga kenel ya firgita ko ya daskare nan take. Binciken `UNUSED` shi ma ba ado ba ne: gurbin da babu kowa lambarsa sifili ce, in ba a duba ba, mai neman furoses 0 zai samu amsa daga kango. Ya kamata kuma in faɗi gaskiyar abin da makullin ke karewa. Yana tabbatar da cewa ba za a share gurbin ana cikin karanta shi ba, amma `sz` da `kira` mai gurbin na sauya su ba tare da makulli ba, don haka abin da ka samu game da wani furoses hoton ɗan lokaci ne da zai iya tsufa kafin ya iso gare ka. Ga kira mai ba da rahoto wannan ba laifi ba ne, amma da kenel zai yanke hukunci ne a kan lambobin, da sai an sake shiri.

A `kernel/defs.h` ka sa `struct bayani;` cikin sanarwar da ke sama, da `int cikabayani(int, struct bayani*);` a sashen `proc.c`. Sannan a `sysproc.c`, bayan ka sa `#include "bayani.h"`:

```
uint64
sys_bayani(void)
{
  int pid;
  uint64 adireshi;
  struct bayani b;

  argint(0, &pid);
  argaddr(1, &adireshi);
  memset(&b, 0, sizeof(b));
  if(cikabayani(pid, &b) < 0)
    return -1;
  if(copyout(myproc()->pagetable, adireshi, (char *)&b, sizeof(b)) < 0)
    return -1;
  return 0;
}
```

Fankishan ɗin bai karɓi komai a baka ba, duk da cewa manhaja abu biyu ta miƙo. Dalili shi ne abubuwan suna kwance a `trapframe`, a rajistocin `a0` zuwa `a5`, kuma `argint` da `argaddr` ne ke ɗauko su bisa matsayinsu, ana ƙirgawa daga sifili. A tsofaffin sigogin xv6 waɗannan biyun suna mayar da lamba da ake dubawa, a sababbi kuwa ba sa mayar da komai, saboda haka ka kalli yadda `sys_kill` da `sys_wait` suka yi a taka sigar ka bi su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne `argaddr` ba ya bincikar komai. Duk lambar da manhaja ta ga dama ta zuba a rajista, ita zai miƙo maka.

A nan ne ake yin kuskure mafi girma, wato a mayar da `adireshi` manuni a rubuta kai tsaye. Adireshin yana da ma'ana ne a jadawalin shafukan manhaja kawai, kenel kuwa a wannan lokaci nasa jadawalin yake amfani da shi. Adireshin manhaja daga sifili yake farawa, shi kuwa kenel yana zaune daga 0x80000000 zuwa sama, kuma a can ƙasa babu abin da ya shimfiɗa sai rajistocin na'urori irin su UART a 0x10000000. In manhajar mai gaskiya ce, rubutun zai faɗa inda babu shafi, kenel ya buga `panic: kerneltrap` da `scause` 15 ya mutu. Wannan ma sa'a ce, domin ka ga kuskuren. In manhajar mai mugun nufi ce, sai ta miƙo adireshin da ke cikin bayanan kenel, shi kuma ya ɗauki alƙalami ya ɓata kansa da hannunsa a madadinta, ba tare da wani kuka ba.

`copyout` ne ke toshe wannan ƙofa. Yana bin jadawalin manhajar da kansa, ya tabbatar adireshin bai wuce iyaka ba, shafin yana nan, kuma an yi masa alamar `PTE_U` mai nuna na manhaja ne, sannan ya gano ainihin wurin a memori ya kwafa. Shafi-shafi yake yi, kowane bayit 4096, domin abin da ake kwafewa na iya farawa a ƙarshen wani shafi ya ƙare a farkon wani, alhali shafukan biyu ba maƙwabta ba ne a zahiri. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba sai ya dawo da -1, mu ma mu mayar wa manhaja -1. Takwarorinsa na ɗauko bayani daga manhaja su ne `copyin` da `copyinstr`, kuma a Linux irin wannan aiki `copy_to_user` da `copy_from_user` ke yin sa.

Layin `memset` ma yana da dalili. `pid` bayit 4 ne, `suna` 16, jimla 20, amma `girma` dole ya fara a adireshin da 8 ke rabawa, don haka kwamfaila zai bar giɓin bayit 4 ya fara shi a 24, tsarin duka ya zama bayit 40. Wannan giɓi babu mai rubuta komai a cikinsa, haka ma ragowar `suna` bayan ƙarshen sunan, kuma `b` a kan sitak ɗin kenel yake. In ba a share ba, duk tarkacen da wani fankishan ya bari a wurin zai bi `copyout` ya fita zuwa hannun manhaja. A xv6 wannan ba zai cuci kowa ba, amma a manyan kenel an sha gyara irin wannan yoyo, kuma gara hannu ya saba tun a nan.

Gwaji

Gwajin da ya tsaya a kan hanyar da komai ke tafiya daidai bai gwada komai ba. Rubuta `user/duba.c`, ka ƙara `$U/_duba\` a `UPROGS`:

```
#include "kernel/types.h"
#include "kernel/bayani.h"
#include "user/user.h"

int
main(void)
{
  struct bayani a, b;
  int ni = getpid();

  bayani(ni, &a);
  printf("sannu\n");
  bayani(ni, &b);
  printf("%s: girma %d, bambanci %d\n",
         b.suna, (int)b.girma, (int)(b.kira - a.kira));

  printf("babu shi: %d\n", bayani(9999, &a));
  printf("cikin kenel: %d\n", bayani(ni, (struct bayani *)0x80000000L));
  printf("sifili: %d\n", bayani(ni, (struct bayani *)0));
  exit(0);
}
```

Layin `babu shi` da na `cikin kenel` dole su ba da -1, kuma kenel ya ci gaba da rayuwa. Na `sifili` yana da ban sha'awa, domin a xv6 adireshi 0 ba fanko ba ne, nan ne umarnin manhajar kanta ke farawa. A sigogin baya-bayan nan an hana rubutu a wannan shafi kuma `copyout` yana duba alamar `PTE_W`, saboda haka za ka ga -1. A tsofaffi kuwa kiran zai yi nasara ya rubuta bayit 40 a kan umarnin manhajar.

Bambancin da layin farko zai nuna shi ne 7, kuma yana da kyau ka tsaya ka gano dalili kafin ka ci gaba. Tsakanin kiran `bayani` na farko da na biyu `printf` ɗaya ne kawai, amma in ka buɗe `user/printf.c` za ka ga kowane harafi da nasa kiran `write`. Haruffa biyar na gaisuwar da alamar sabon layi sun ba da 6, kiran `bayani` na biyu ya cika 7, tunda muna ƙirgawa kafin a zartar. Wato don kalma ɗaya sau shida aka adana rajistoci aka sauya jadawali aka dawo. Wannan tsada ce ta sa laburaren C na manyan tsare-tsare ke tara haruffa su aika da su a kira ɗaya.

Idan wani abu ya ƙi, ko kuma kana son ganin tsallaken da idonka, buɗe tagogin umarni biyu domin amfani da gdb, manhajar bin sawun kuskure. A ta farko ka rubuta `make CPUS=1 qemu-gdb`, domin ƙwaya ɗaya ta fi sauƙin bi, a ta biyu kuma `gdb-multiarch` daga cikin foldar xv6. In ya ƙi karanta fayil ɗin `.gdbinit`, zai nuna maka layin da za ka ƙara don ba shi izini. Sa masa wurin tsayawa da `b sys_bayani`, ka ce `c`, ka koma tagar farko ka buga `duba`. Da ya tsaya, `bt` zai nuna maka `syscall` da `usertrap` a ƙarƙashinsa, zangunan da muka bi a baya. Hau mataki ɗaya da `up`, ka karanta layin `syscall` da aka tsaya a kai, sannan ka sauko ka bi `sys_bayani` layi-layi da `n` kana duba `pid` da `adireshi`. Za ka ga adireshin ƙaramar lamba ce ta 'yan dubbai, mai nisa ƙwarai da 0x80000000.

Bayan an gama, ka fita ka yi `make clean`, ka sake `make qemu`, ka gudanar da `usertests`. Yana ɗaukar 'yan mintuna, amma tunda mun taɓa `syscall` da `freeproc`, waɗanda kowane furoses ke ratsawa, ba za a ce aikin ya kammala ba sai ya buga `ALL TESTS PASSED`. Wanda ke aiki da tsohuwar sigar x86 kuwa zai tarar da matakan nan duka, sai dai a can lambar kira a rajistar `eax` take, tsallaken da umarnin `int` mai lamba 64 ake yi, abubuwan da aka miƙa a kan sitak ɗin manhaja suke, kuma `usys.S` da hannu ake gyara shi, ta hanyar ƙara `SYSCALL(getppid)` a ƙarshensa.